DNA: Rubutun Gado Mai Haruffa Huɗu, Da Yadda Harafi Ɗaya Ke Jawo Sikila

Idan Bahaushe zai nuna kusancinsa da mutum, sai ya ce "jinina ne". Yaro ya ɗauko tafiyar kakansa ko hancin gwaggonsa, a ce jini ne ya yi halinsa. Amma jajayen ƙwayoyin da suka ba jini launinsa, waɗanda kuma su ne mafi rinjaye a cikinsa, ba su ɗauke da gadon nan ko kaɗan. Tun suna cikin ɓargo suke yar da cibiyarsu kafin su shiga jijiya, gadon kuwa a cibiyar yake. Mai ɗibar jini don gwajin gado fararen ƙwayoyin yake nema, kuma da zai samu yawu ko saiwar gashi, sun wadatar da shi.

Abin da ɗa ke karɓa daga uwa da uba wani sinadari ne mai siffar zare da ake kira DNA. Yana cikin cibiyar kusan kowace ƙwayar halitta, wato sel, ta mutum da dabba da tsiro. Rubutu ne, kuma duk abin da ke samun rubutu yana samunsa: ana kwafarsa, ana karanta shi, mai kwafa kan yi tuntuɓen alƙalami.

A siffa, ɗauki tsani ka murɗe shi kamar tufkar igiya. Dogayen sandunan biyu na gefe an gina su da sukari da fosfet, ɗaya bayan ɗaya, ba sa canzawa. Matakalan tsakiya su ne rubutun, kowace mataka haruffa biyu ne da suka riƙe juna. Haruffan huɗu ne kacal: adinin, tayimin, guwanin da saitosin, ana taƙaice su da A, T, G, C. Dokar haɗuwarsu ba ta da sassauci. A ba ya zama sai da T, G ba ya zama sai da C. Ɗauri biyu ke tsakanin A da T, uku ke tsakanin G da C, shi ya sa yankin da G da C suka yi yawa ya fi wuyar rabuwa idan an ɗora masa zafi. Duk wanda ya ga gefe ɗaya na tsanin ya san ɗaya gefen: in nan an rubuta GATTC, can dole CTAAG ne. Sirrin gado gaba ɗaya a wannan dokar yake.

Kowane mutum ya karɓi matakala wajen biliyan 3 daga uwa, wasu biliyan 3 daga uba. Da za a warware na sel ɗaya a miƙe shi, zai kai kusan mita 2, alhali faɗinsa nanomita 2 ne, sai an jera sama da 25,000 kafin a samu kaurin gashi guda. Zare mai wannan tsawo ba zai shiga cibiyar da ido ba ya gani ba sai da naɗi. Ana naɗe shi a jikin wasu dunƙulallun furotin da ake kira histon, kamar yadda masaƙi ke naɗe zare a kwarkwaro, matakala 147 a kowane dunƙule, sannan a naɗe naɗin, har ya zama ƙunshi 46 da ake kira kuromosom. Bibbiyu suke, 23 na uwa, 23 na uba. Biyun ƙarshe su ke raba mace da namiji: uwa X kaɗai take bayarwa, uba ne ke ba da X ko Y. Magidancin da ke ɗora wa matarsa laifin haihuwar 'ya'ya mata zalla ya nemi mai laifi a inda ba ya nan.

Akwai kuma wani ɗan guntun DNA a wajen cibiya, cikin maitokondiriya, sassan da ke samar wa sel ƙarfi. Matakala 16,569 ne, a zagaye kamar awarwaro, kuma ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa.

Malamin makarantar da ke son ɗalibai su ga abin da idonsu ba ya buƙatar na'ura. A dama rabin ayaba nunanna cikin leda, a zuba ruwa rabin kofi, gishiri rabin ƙaramin cokali, sabulun ruwa na wanke kwanuka cokali biyu. A juya a hankali, a bar shi minti goma, a tace da ƙyalle mai tsabta cikin kofin gilas. Sai a karkata kofin a tsiyaya sifirit mai sanyi sosai ta gefe, kwatankwacin yawan ruwan, yadda zai kwanta a sama ba tare da ya gauraya ba. Cikin minti biyu zuwa uku wani farin abu mai yauƙi zai taso a mahaɗar ruwan biyu, a naɗo shi da tsinke. Sabulu ne ya fasa fatar sel mai maiƙo, gishiri ya sa zarurrukan suka daina korar juna, sifirit kuma ya fitar da su don DNA ba ya narkewa a cikinsa. Idan abin ya ƙi, ɗayan uku ne: sifirit bai yi sanyi ba, an kaɗa da ƙarfi har kumfa ta tashi zaren ya tsittsinke, ko an kwarara sifirit ɗin ya gauraye. Gaskiyar magana, abin da ya taso ba DNA ne zalla ba, akwai tarkacen ayaba a ciki, amma shi ne dai.

Kusan haka Friedrich Miescher ya fara ganinsa a 1869 a garin Tubingen na Jamus, sai dai shi ba ayaba ya dama ba, ruwan mugunya ya wanko daga bandejin asibiti. Shekaru sama da saba'in aka yi ba a ɗauke shi da muhimmanci ba, masana na ganin abu mai haruffa huɗu ya yi sauƙi da yawa a ce shi ke riƙe da gado. A 1944 Oswald Avery da abokan aikinsa a New York suka nuna cewa DNA ɗin wata ƙwayar cuta na iya sauya halin wata. A 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana siffar murɗaɗɗen tsani a Kambirij, bayan sun amfana da hotunan da aka ɗauka a ɗakin gwajin Rosalind Franklin a Landan. Ita ta rasu a 1958 tana da shekara 37, shekara huɗu kafin a ba su kyautar Nobel tare da Maurice Wilkins.

Tufka da warwara

Duk lokacin da sel zai rabu biyu, sai ya kwafi matakala biliyan 6 ɗin nan kaf. Wani inzayim, wato furotin mai gudanar da aiki a cikin sel, mai suna helikes ne ke warware tufkar, ya raba gefen biyu. Wani kuma, folimares, ya bi kowane gefe yana ɗora masa abokin zamansa harafi bayan harafi: ya ga A ya kawo T, ya ga G ya kawo C. A ƙarshe tsani biyu aka samu, kowanne rabinsa tsoho rabinsa sabo.

Folimares na kuskure, wajen sau ɗaya a haruffa dubu ɗari. Amma yana waiwaye. In ya ji harafin da ya ɗora bai zauna daidai ba, sai ya ja baya ya cire shi. Bayansa kuma akwai wata tawagar masu duba aiki da ke bin sabon zaren suna tsinto abin da ya tsallake. Bayan wannan tankaɗe da rairaya, kuskuren da ke saura bai wuce ɗaya a biliyan ba. Kwafi ba shi kaɗai ke ɓata rubutun ba. Dubban haruffa ne ke ɓallewa da kansu a kowane sel a kowace rana. Hasken rana mai zafi na manne T biyu da ke maƙwabtaka, shi ya sa zabiya, da ba shi da launin da ke kare fata, ya fi yawancin mutane haɗarin kansar fata. Hayaƙin taba na liƙa wa G wasu sinadarai. Gubar da ke fitowa daga fumfunar gyaɗa da masara da ba su bushe da kyau ba, afalatoksin, na yin irin wannan ɓarna a hanta. Kusan duka ana gyara su. Wanda ya kuɓuce a sel ɗin jiki, mai shi kaɗai ya shafa, in ya taru ya yi yawa yana iya zama kansa. Wanda ya kuɓuce a ƙwan mace ko maniyyi shi ne ke bin zuri'a. Kowane jariri na zuwa da sababbin sauye-sauye wajen 60 zuwa 70 da babu su a jikin iyayensa, mafi yawa daga ɓangaren uba, kuma akasarinsu ba sa yin komai, domin ɓangaren da ke rubuta furotin bai kai kashi 2 cikin 100 na dukan zaren ba.

Wannan ɗan ɓangaren shi ne ƙwayoyin gado, wajen 20,000, kowace umarni ce na ƙera furotin. Ba a fita da asalin littafin daga cibiya. Ana kwafo shafin da ake buƙata a wani zare mai gefe ɗaya da ake kira RNA, a kai shi maƙerar sel, a karanta shi uku-uku. Kowane haruffa uku sunan tubali ɗaya ne daga cikin amino asid 20, tubalan da ake gina furotin da su. Haruffa huɗu a jere uku-uku na ba da kalma 64: 61 na kiran tubali, uku na cewa a tsaya. Tun da kalmomi sun fi tubala yawa, tubali ɗaya kan samu suna biyu, huɗu, har shida, don haka sau da yawa harafi kan canza ma'ana ba ta canza ba. Wani lokaci kuma takan canza.

Harafi ɗaya a kuromosom na 11

Himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, sarƙa huɗu ne, biyu alfa, biyu beta. Sarƙar beta tubali 146 ce, umarninta na kan kuromosom na 11. A gurbi na shida an rubuta GAG, ma'ana gulutamik asid. A wajen wasu mutane harafin tsakiya ya zama T, an samu GTG, ma'ana balin. Iyakar bambancin ke nan. Vernon Ingram ne ya gano musanyar tubalin a tsakiyar shekarun 1950.

Gulutamik asid na son ruwa, balin na gudunsa. Idan himogulobin ya sauke oksijin, sai balin ɗin nan ya nemi wurin laɓewa, ya maƙale a jikin himogulobin na kusa, shi ma ya maƙale a na gaba, har su zama dogayen sanduna masu tauri da ke lanƙwasa ƙwayar ta koma kamar lauje. Lafiyayyar ƙwaya na matsewa ta wuce ƙananan jijiyoyi, ta rayu kwana 120. Mai siffar lauje na toshe hanya, kuma cikin kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Daga nan aka samu ƙarancin jini, idanu su yi rawaya, da ciwon ƙashin da ya sa aka kira cutar amosanin jini. Ƙishirwa, sanyin hunturu, zazzaɓi da wahala mai tsanani duk suna ƙara maƙalewar, shi ya sa ake nanata wa mai sikila shan ruwa. Jariri ba ya nuna alama sai wajen wata shida, domin kafin nan yana amfani da himogulobin na ɗan tayi wanda ba shi da sarƙar beta. Kumburin hannu da ƙafa shi ne sau da yawa abin da uwa ke fara gani.

Me ya sa sauyi mai wannan illa ya yaɗu haka a Afirka ta Yamma? Anthony Allison ya ba da amsa a 1954 daga binciken da ya yi a gabashin Afirka: yaron da ke da S ɗaya (kwafi mai sikila) da A ɗaya (lafiyayyen kwafi) ya fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Inda sauro ya yi yawa, masu AS sun fi rayuwa su hayayyafa. A Najeriya wajen mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma ƙiyasin da aka daɗe ana amfani da shi shi ne ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar a shekara. A gurbin nan na shida akwai wani sauyin dabam, GAG ya zama AAG, shi ne himogulobin C, wanda ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana.

Lissafin auren AS da AS an san shi, amma ana yawan karanta shi a karkace. Ɗaya cikin huɗu ba ya nufin in an haifi huɗu ɗaya ne zai kamu. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce: kashi 25 SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA. Ma'aurata na iya haifar SS uku a jere. Damar su haifi huɗu ba SS ko ɗaya kuwa kashi 32 ce kawai cikin 100. Haka kuma AS da AC ba tudun mun tsira ba ne, suna iya haifar SC, wanda shi ma nau'in sikila ne, ko da yake ya kan fi sauƙi.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, musamman yanzu da jihar Kano ta mayar da gwajin kafin aure doka a 2024: gwajin jinotayif da ake yi a yawancin asibitoci ba ya duba DNA. Furotin yake dubawa. Ana ɗiga jinin da aka fasa ƙwayoyinsa a kan wata takarda ta musamman, a saki wutar lantarki, kowane nau'in himogulobin ya yi tafiya gwargwadon cajinsa: A ya fi nisa, S a tsakiya, C a baya. Hanya ce mai kyau in an bi ƙa'ida, amma tana da ramuka. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce, jinin wani ne zai bayyana tare da nasa, SS ya fito kamar AS. Jariri sabon haihuwa himogulobin ɗin ɗan tayi ya lulluɓe komai. Tsohon ruwan gwaji, wutar da ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki, rashin sanya sanannen samfuri a gefe don kwatance, duk suna sa layukan su haɗe. Wasu nau'o'in, irin su D da G, suna tsayawa daidai inda S ke tsayawa. Wasu wuraren ma gwajin lanƙwasa ƙwaya kawai suke yi a ƙarƙashin madubin likita, wanda ba ya bambanta AS da SS sam. Mai shirin aure ya kamata ya yi gwajin sau biyu a wurare biyu, in da hali ɗaya ya kasance na na'urar HPLC, mai auna kason kowane nau'i da lamba.

Daga nan ne wata fitina kan taso. An haifi yaro an ce SS ne, takardar uba ta ce AA, sai a fara kallon uwa. Kafin a kai ga zargi, a sake gwada uban, domin takardar ce ta fi yawan yin ƙarya. In ya tabbata AA, akwai sauran bayani: yana iya ɗauke da talasimiya ta beta, inda ɗaya daga ƙwayoyin gadon ba ta ƙera sarƙar kwata-kwata. Shi a takarda A kaɗai za a gani, amma yaron da ya gaji wannan kurman kwafi daga uba da S daga uwa, S kaɗai jikinsa zai ƙera, ya fito kamar SS. Jinotayif ba gwajin uba ba ne.

Magani na gyaran rubutun kansa ya samu. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, inda ake ciro sel daga jikin majinyaci, a yanke wani makunni a DNA da fasahar CRISPR domin jiki ya koma ƙera himogulobin na ɗan tayi, a mayar masa. Farashin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne. A nan, abin da ke ceton rai shi ne gano cutar da wuri, allurar rigakafi, kariya daga sauro, da ƙwayar haidiroksiyuriya, wadda ita ma himogulobin ɗin ɗan tayi take ƙarawa.

Gwajin uba kuwa wani wuri dabam yake dubawa. Mutane biyu da ba su haɗa dangi ba sun yi tarayya a kusan kashi 99.9 na rubutunsu, amma akwai gurabe da wata gajeriyar kalma ke maimaituwa kamar in'ina, misali GATA sau 10 a wajen wani, sau 15 a wajen wani. Alec Jeffreys ya gano amfanin irin waɗannan gurabe a 1984 a Jami'ar Lesta, kuma shari'ar farko da aka warware da su a 1985 ta wani yaro ce ɗan asalin Gana da jami'an shige da fice na Birtaniya suka yi shakkar ɗan matar da ta ce ita ta haife shi ne. Gwaji ya nuna ɗanta ne. Yau ana goge cikin kunci da auduga, a ninka gurabe 20 ko fiye da hanyar PCR: zafin digiri 95 na Salshiyas ya raba zaren, a sauko wajen 60 gajerun zarurrukan da ke nuna gurbin da za a kwafa su kama, a hau 72 folimares ya kwafa, a maimaita sau 30, kwafi ɗaya ya zama wajen biliyan. Sai a kwatanta lambobi. In uwa na da 10 da 11, yaro na da 11 da 15, to 15 daga uba ta zo, dole a same ta a wajen wanda ake gwadawa.

Saɓani a gurbi ɗaya ba ya kore uba, domin adadin maimaicin kan goce da ɗaya tsakanin uba da ɗa lokaci-lokaci, sai an ga saɓani a gurabe da dama. In wanda ake shakka ɗan'uwan mijin ne, ko kuma dangin masu auren zumunci ne, dole a faɗa wa ɗakin gwaji tun farko don lissafin ya canza. Tagwaye masu kama ɗaya wannan gwajin ba ya raba su. Wanda aka yi wa dashen ɓargo, jininsa DNA ɗin mai bayarwa yake nunawa. Mafi yawan ɓaci kuwa wajen ɗibar samfuri yake faruwa: a goge bakin jariri yana gama shan nono sel ɗin uwa su shiga, a taɓa kan audugar da yatsa, ko a ƙulle ta da danshi cikin leda ta yi fumfuna. A jira aƙalla rabin awa bayan ci ko sha, a bar audugar ta sha iska ta bushe, a sa ta a ambulan na takarda, a rubuta suna nan take a gaban shaida.